Takardar da Malam Sahabi Ya Tafi da Ita

Mu nan Jega muna lafiya, ban da maigida da ƙafa ta kwantar, da ɗana Nafi'u direba da ya kasa cin abinci. A haka labari ya same mu ranar Laraba da hantsi: Malam Sahabi, ma'aikacin gwamnati mai duba takardun inshora a tasha, ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sanina da shi ya faro ne daga wautata. Da Nafi'u ya fara ɗaukar albasa daga Aliero, aka ce dole ya yanki inshora saboda hatsari. Na ɗauka kariya ce, na kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata, muka rataye a madubin mota. Malam Sahabi ya farke ta da reza, ya duba, sannan ya tako har zaurenmu. Bai yi mini dariya ba.

Ya ce, "Inna, wagga ba ta hana hatsari. Asirin wanda aka kaɗe take rufawa. Kuma taku ta jabu ce, kamfanin ba shi cikin waɗanda gwamnati ta yarda da su."

Ya ji ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, sai ya rubuto mini sunayen kamfanonin gaskiya da manyan baƙi. Da su na ƙarasa koyon karatu. Direbobi na kiransa Ƙi-goro, don ko sisin kwabo bai karɓa. Shi kuwa yakan ce, "Ku zage ni yau, ya fi ku nemi ni gaban alƙali."

Watan jiya Nafi'u ya kaɗe wani manomi kusa da Karaye ta ƙasar Maiyama, ƙafar manomin ta karye. Wannan karon takardarmu ta gaskiya ce, da bakina na karanta sunan kafin a saya. Amma kamfanin ya yi shiru, mutumin na kwance asibiti. Malam Sahabi ya karɓi takardar don ya kai ƙara hukumar da ke sa ido kan kamfanonin. Ya ce, "Ki kwantar da rai, Inna, tana aljihuna."

Yanzu 'yan sandan Maiyama sun ce a kawo ta ranar Litinin, in ba haka ba a tsare yaron a kai shi kotu. Ina jin mota ta tsaya ƙofar gida, sai in leƙa in ga ko su ne.

Allah Ya jiƙan Malam Sahabi, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa wa iyalinsa asiri yadda ya rufa wa mutane.

Ina jin kunyar roƙo cikin makoki. Amma ku iyalinsa, don Allah, kafin a wanke tufafinsa ku laluba aljihun farar rigarsa ta aiki. Takarda ce mai hudar allura a gefe, don ban daddara ba, wannan ma na so ɗinke ta, Nafi'u ya hana. Ku aiko mini amsa kafin Litinin.