Surukina Ba Ya Cin Abinci a Gabana

Ranar Asabar ce, bayan la'asar, muka shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido a tashar Dubai, mu uku: ni, da 'yata ta biyu, da mijinta. Shi ne ya shirya tafiyar. Ɗan kasuwa ne, haifaffen cikin birnin Kano, yana loda wa mutane kaya a kwantena daga tashar ruwa ta Jebel Ali zuwa gida. Duba ido ne ya kai ni Dubai, da aka gama sai ya ce ba zan koma ba sai na ga teku.

Tun a gidansu na unguwar Al Muraqqabat na lura da abin da zai dame ni. Ba ya cin abinci a gabana. Da zarar an kawo, sai ya russuna ya gaishe ni, ya ɗauki wayarsa ya fita. Na san al'adar, ni ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: suruki ba ya tauna a gaban uwar matarsa. Amma a makarantar mishan na tashi, inda ake kaɗa ƙararrawa kowa ya zauna a tebur, kuma ba mai tashi sai ya cinye rabonsa. Daga can na koyi aikin jinya, na yi shi har na yi ritaya. Mutumin nan kuwa yana da ciwon sukari, yana yi wa kansa allura. Wanda ya yi wannan allura bai ci abinci a kan kari ba, sukarin jininsa zai faɗi, ya suma, wani ma daga suman ba ya dawowa. Na ga haka da idona ba sau ɗaya ba.

A gida yana da inda zai keɓe ya ci. A jirgi kuwa tebur ɗaya aka ba mu, da lokaci ƙayyadadde. Daren farko aka ajiye masa kifi da shinkafa, ya gyara zaman cokali, ya gyara zaman kofi, ya naɗe hannu.

Na ce, "Alhaji, ka ci abinci."

Ya ce, "Na ƙoshi, Hajiya. Allah ya saka da alheri."

'Yata ta taɓa ni ta ƙarƙashin tebur, ta ce in bar shi, za ta kai masa ɗaki. Na gaya mata cewa ciwo bai san suruka ba. Ta ce, "Mama, ya isa haka, nan fa ba asibitinki ba ne. Ko ruwa bai taɓa sha a gaban Baba ba har Allah ya yi masa rasuwa." Na ƙudura a raina cewa kafin jirgin nan ya koma tasha sai na raba shi da wannan hali.

Da jirgin ya tsaya kusa da wani tsibiri da ake kiwon namun daji, 'yata ta tashi da jiri da amai, ta ce mu je ba da ita ba. An sanar cewa ƙaramin jirgi na farko mai kai mutane tsibirin zai tashi da sassafe, ni kuwa ban saba a jira ni ba. Na shirya, na ƙwanƙwasa ƙofarsu. Ya fito nan take yana gyara hula. Na tambaye shi ko ya karya, ya ce alhamdu lillahi. Wannan ba amsa ba ce, amma na ɗauke ta a matsayin amsa. Sai daga baya na ji cewa ya riga ya yi allurarsa, an kuma kawo masa abincin ke nan, amma bai iya barina tsaye a bakin ƙofa ba.

Tsibirin busasshe ne, dukkan itatuwansa da baƙin tiyo ake shayar da su. Aka ɗauke mu a buɗaɗɗiyar mota, muna wuce barewa da jimina da raƙuman dawa. An ba kowa jakar takarda mai burodi da dabino da ruwan lemo. Sauran fasinjoji suka buɗe nasu. Shi yana gefena, ya ɗora tasa a gwiwa, ya dafe ta da hannu biyu.

Da rana ta ɗaga, direba ya tsaya a kan wani tudu mai rumfa ɗaya tak. Mutane suka watse ɗaukar hoto, muka zauna mu biyu a inuwa. A nan na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi da saman leɓe, yatsunsa suna rawa. Na nuna wata dabba na tambaye shi sunanta, don in gwada shi. Ya dube ni ya ce kwantenar ba ta fita ba tukuna. Na gane hankalinsa ya fara gushewa.

Na fasa ruwan lemon, na miƙa masa, na ce ya sha, da muryar da nake ba da umarni a ɗakin marasa lafiya. Ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya ce to. Bai sha ba. Na sake faɗa, na ɗaga murya har wasu Turawa suka juyo. Ya kau da fuskarsa gefe. Na hango jirginmu can tsakiyar ruwa, ya zama ɗan farin abu kamar akwati. Na san idan ya suma ba zai iya haɗiya ba, kuma ba ni da komai a jaka sai tabarau da maganin ido. Har na yi tunanin toshe masa hanci in ɗura masa, kamar yadda ake yi wa yara.

Sai ya yi magana a hankali, harshensa ya yi nauyi: "Hajiya, don Allah, ki ɗan ba ni wuri."

Duk tsawon aikina ban taɓa juya wa marar lafiya baya ba yana cikin wannan hali. Na hori masu koyon aiki da dama a kan abin da bai kai wannan ba. Na zuba masa dabinon a cinya, na tashi, na fita cikin rana, na zagaya bayan mota. Na gaya wa direba da Turanci ya je ya tsaya kusa da shi, idan ya ga ya karkata ya kira ni. Sa'an nan na tsaya ina kallon ƙasa, ina kasa kunne ko zan ji faɗuwar mutum. Ban san ko yana sha ba, ban san ko kwalbar ta suɓuce daga hannunsa ba. Wata barewa ta zo ta tsaya kusa da ni tana tuƙa, na tsani ganinta. Ban iya tuna addu'a ko ɗaya ba sai sunan Allah.

Can direban ya ɗaga murya ya ce ya shanye, yana cin dabino. Ban juya ba sai da ya ce an gama.

Da muka koma jirgi likita ya duba shi, ya ce an yi sa'a. 'Yata ta yi kuka. Na gaya mata cewa mijinta ya sa ransa da makomar 'ya'yansa a haɗari saboda kunya, kuma wannan ba hankali ba ne. Ta ce ni ya girmama. Har yau ina juya wannan magana, ban sami inda zan ajiye ta ba. Ban san yadda ake karɓar girmamawar da ta kusa mayar da 'yata mai takaba ba, ban kuma san yadda ake ƙin ta ba. Da yamma ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa, ya ba ni haƙuri a kan ya ɓata mini yawo. Na ce masa ya riƙa ajiye dabino a aljihu. Ya ce in sha Allahu.

'Yata ta roƙi ma'aikatan jirgi aka ba su tebur dabam, a bayan wani ginshiƙi inda ba na hango su. Sauran kwanakin ni kaɗai na ci abinci, a kan lokaci. Ya sami lafiya, ya raka ni filin jirgin sama da kansa. Har na bar Dubai ban ga ya kai loma bakinsa ba.