Buhun Matattun Wayoyin Yaya Sabo

Shekara shida ke nan da rasuwar Yaya Sabo, kuma ba zan ɓoye muku ba, na sha wuya. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kawo ni Alƙahira, ya zaunar da ni a shagonsa na gyaran waya a unguwar Ard al-Liwa, ya koya mini riƙe dalma, ƙarfen liƙin nan mai zafi.

Yaya ba ya yar da matacciyar waya. Buhu gare shi a ƙarƙashin benci. Ya ce a cikin kowace akwai aisi, 'yan ƙwayoyin nan baƙaƙe masu tafiyar da waya, kuma wata rana sai an neme su da fitila. Ni kuwa in ce masa ya mai da shago bola. Bayan ya rasu kayan gyara suka yanke, buhun nan ne ya riƙe mu. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Ban yi boko mai nisa ba, amma ina jin rediyo. Yaya yakan ce Taiwan, inda ake ƙera mafi kyawun ƙwayoyin nan, ba mai kai mata yaƙi, don ba a ƙona rumbun da kowa ke ci a cikinsa. To yanzu manyan ƙasashe kowa na gina rumbunsa. Yaya, in kowa ya cika nasa, wa zai ji tsoron ƙona na maƙwabci? Ina ta juya wannan tambaya.

Buhun ma ya ƙare. Saura waya ɗaya, ta Yaya, tana aljihuna, gefenta ya goge da hannunsa.

Makon jiya Hajiya Batula ta zo, Bahaushiyar Sudan ce da yaƙi ya koro. Wayarta ta mutu, kuma lambar ɗanta da ya maƙale a can tana ciki, ba ta haddace ba. Aisin wuta ne ya ƙone, irinsa kuma ya ɓace a kasuwa. Irin na wayar Yaya ne. Na ce mata ma'alish, ta yi haƙuri, babu.

Ta ce, "Ɗan nan, duba dai da kyau. Ba ni da wata hanyar jin ko yana raye."

Na san abin da Yaya zai ce. A wurinsa matacciyar waya aikinta tayar da wata, khalas, magana ta ƙare. Darasin nan ne gadon da ya bar mini, ba shago ba.

Washegari na riga kowa zuwa shago, na kunna dalma, na kwance bayan wayar Yaya.