"A'a" Ɗaya Tak A Fom Ɗin Inshora

Wata rana da hantsi, wani direba mai suna Nafi'u ya saka farar shaddarsa ta zuwa Juma'a, ya nufi wani kamfanin rarraba magunguna a Kaduna. Ranar ce aka ce ya zo ya karɓi mukullin mota.

Ba shi kaɗai ya je ba. Surukinsa ne a gaba, Malam Ɗayyabu, mahaifin matarsa, wanda ya shekara ashirin da biyu yana kula da siton kamfanin kafin ya yi ritaya. Shi ya nema masa aikin. Shi ya ce wa manaja, wanda ka ba 'yarka ai ba ka shakkar ba shi mota.

Sati biyu kafin nan an gwada tuƙin Nafi'u, ya ci. Sai aka miƙo masa fom, aka ce na inshora ne, don duk wanda zai ja motar kamfani dole sunansa ya shiga takardar inshorarta.

A shafi na biyu ya ci karo da tambayar: kotu ta taɓa hukunta ka kan laifin tuƙi?



Shekara huɗu da suka wuce, a wani gari, Nafi'u ya sha giya a wajen bikin abokinsa, ya shiga motar maigidansa da rana tsaka, ya kwashe teburin wata mai sayar da doya. Ƙafarta ta karye. Kotu ta ci shi tara, ta karɓe lasisinsa na shekara guda.

Tun ranar bai ƙara kai kwalba bakinsa ba. Ya tuba, ya bar garin, ya yi aure. Ko matarsa Safara'u ba ta san zancen ba, balle mahaifinta.

Ya ce a ransa, abin da Allah ya rufe, wa zai tona?

Ya rubuta "A'a".

To yau ga su zaune a ofishin manaja. Tsoho sai fara'a yake yi, yana gaisawa da tsofaffin abokan aikinsa ta taga.

Manaja bai ɗauko mukulli ba. Wata wasiƙa ya ɗauko, ya ajiye a gaban Nafi'u. Kamfanin inshora ne ya rubuto: sun bincika lasisin, sun ga hukuncin kotu, ba za su sa sunan wannan direba ba.

Malam Ɗayyabu ya yi dariya.

"Ranka ya daɗe, suna ne ya zo ɗaya. Yaron nan ko taba bai sha."

Nafi'u ya kafa wa takalminsa ido. Sai ya ce:

"Ni ne, Baba."



Manaja ya cire tabarau, ya ce, "Malam Nafi'u, ina da direbobi biyu masu irin tarihinka. Sun faɗa da bakinsu, inshora ta gindaya sharuɗɗa, muka amince, suna nan suna aiki. Kai da na ba ka mota a kan wannan fom ɗin ka buge wani, cewa za su yi an yi musu ƙarya, su cire hannu. Ka ga ka kashe kamfani, ka kashe wanda ya tsaya maka."

Tsoho ya miƙe. Ya ba manaja haƙuri har sau uku, manajan da a gaban tsohon aka ɗauke shi aiki yana ɗan saurayi.

Wannan haƙurin shi ya fi komai yi wa Nafi'u ciwo. Gara a ce marinsa aka yi.

Har suka iso bakin titi Malam Ɗayyabu bai dube shi ba. Bai zage shi ba. Ya dai tsayar da Keke mai ƙafa uku, ya ce wa Nafi'u ya je ya faɗa wa Safara'u da kansa, kar ta ji a bakin mutane.

Ya faɗa mata. Kwana uku tana kawo masa abinci ba ta haɗa ido da shi.

Daga baya ya nemi aiki wuri uku, ko'ina ya rubuta "E". Biyu ko kiransa ba su yi ba. Na ukun, wani gidan burodi, suka ba shi ƙaramar mota, cikin gari kawai.

Har yau idan ya ga motar kamfanin magungunan nan a danja, sai ya kawar da kai.

Darasi: Tuba tana wanke ka a wajen Allah, amma takarda ba ta mantuwa. Idan aka tambaye ka abin da ya shafi rayukan mutane a kan titi, faɗi gaskiya ko da za ta hana ka aikin. Kunyar da ka guje wa kai kaɗai, wata rana da mutanen da suka yarda da kai za ku raba ta.

Idan kana da ɗan'uwa direba, tura masa wannan kafin ya cike fom na gaba.