Juma'ar da Kawu Ya Dawo Bakin Tire

A shekarun da na yi ina tuƙi a Riyad na ga abubuwa iri-iri, wasu ma kafin in kashe mota na manta da su. Amma akwai wata Juma'a da ko tsufa ya kwashe mini komai, ita kam ba za ta fita daga raina ba. Abin dariyar shi ne ba haɗari aka yi ba, ba kuma wani babban mutum na ɗauka a mota ba. Ganye kawai na yanka a ɗakin kawuna da ke unguwar Shumaisi.

Kawun nan nawa ƙanen mahaifiyata ne, shi ya kawo ni ƙasar. Shi ya nema mini kafili, wato ubangidan da zai tsaya mini, ya yi ta zirga-zirga har igamata ta fito, takardar izinin zama ke nan, ya shimfiɗa mini katifa a gefen tasa. Tela ne, ya daɗe a garin, har furfurarsa a nan ta fito. Tun kafin in zo ya kafa wata al'ada: duk Juma'a idan an sauko daga masallaci, 'yan gida su taru a ɗakinsa, a shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa, a ajiye tire guda a tsakiya. Da na zo sai girkin ya dawo hannuna, saboda bakina. Ni mutum ne da ba na iya cin abu in yi shiru, wannan gishiri ya yi yawa, wancan shinkafar ta caɓe. Ran nan aka gaji da ni aka ce to bismilla, ga tukunya ga ka. Na kuwa riƙe ta da kyau. Kabsa nake yi, dafa-dukar shinkafar Larabawa, wadda mai ke bin hannu har gwiwa, da soyayyiyar kaza, ga salak a gefe na dulmuya shi cikin bama har ba a ganin korensa.

Waɗanda ba sa fashi mu huɗu ne. Ni da Kawu, sai wani Bazazzage mai aikin gini, ƙato, abokin wasana, wanda kullum yake cewa Bakano ko girki ya yi sai ya ci riba a ciki. Sai wani ɗalibi mutumin Nijar da ke karatun addini a jami'a, mai kunya kamar sabon suruki. Wasu kan zo su tafi.

A tiren nan ba mai sa hannu sai Kawu ya yi bismilla. Kuma shi ke raba kaza. Ya ja ta gabansa, ya yayyaga da hannu, ya tura wa kowa nasa. Da farko na ɗauka girma ne kawai ake ba shi, sai daga baya na gane rabon nasa magana ce. Wanda kafilinsa ya ci wa mutunci a satin, ko aka bugo masa waya daga gida da labari mara daɗi, sai ya ga ƙirjin kaza ya sauka a gabansa, ba tare da an ce masa komai ba. Ƙundu kuwa nasa ne, kamar yadda ake bar wa maigida a gida. Kajin kanti a nan ba sa zuwa da shi, don haka daban nake saya in jefa a tukunya, don kada Kawu ya laluba ya rasa.

Ana nan wata rana jiri ya ɗebe shi a kan keken ɗinki. Ni na kai shi asibiti, ina tsaye likita ya yi bayani: suga ya hau, jini ma ya hau. A rage shinkafa sosai, a bar soye-soye da lemon kwalba, a rage gishiri, a yawaita ganye da wake da gasasshen nama. Kawu mutum ne mai bin doka, ko fitilar hanya ba ya tsallakewa da ƙafa. Bai yi gardama ba ko kaɗan.

Juma'ar da ta biyo baya na yi kabsata yadda na saba. Muka zauna, sai ga Kawu ya fito da wata 'yar roba, da kokwamba a ciki da manyan ganyen latas, da cokali mai yatsu na roba. Ya wuce can jikin bango ƙarƙashin na'urar sanyi ya zauna.

"Ku ci abinku," in ji shi. "Ni yanzu nawa daban ne."

Muka yi zuru muna kallon kaza, ita ma tana kallonmu. Daga ƙarshe Bazazzagen ya ja ta ya yaga, rabon gini ya yi mata, wani tuli wani tsakuwa. Ɗalibin nan kunya ta hana shi miƙa hannu, wuya kawai ya samu. Ni kuwa duk lomar da na kai baki sai idona ya faɗa kan Kawu yana fama da ganyen latas a bakin cokali, yana zamewa yana sake tsirewa. Mutumin da tun da aka haife shi da hannu yake ci. Wallahi tausayinsa ya hana ni jin daɗin abincin nan.

Haka aka yi ta yi. Hira ta mutu, masu zuwa suka fara kawo uzuri, wannan ya ce aiki ya riƙe shi, wancan ya ce bai samu mota ba. Kawu ya rame, ba ramar cuta kaɗai ba, ya daina tsokanar kowa. Wata safiya ina ɗaura takalmi zan fita aiki ya ce mini daga satin sama idan an idar da sallar Juma'a zai yi zamansa a masallaci har la'asar, mu ci abincinmu a sake. Ya ce yana takura mana, muna ci kamar a gidan makoki. Ya ƙara da cewa ma yana tunanin idan igamarsa ta ƙare ba zai sabunta ba, tunda ba shi da sauran amfani a nan.

Raina ya ɓaci, kuma ni idan raina ya ɓaci baki nake saki. Na ce masa ɗakinsa ne, tirensa ne, idan akwai mai zama a masallaci to mu ne. Na roƙe shi ya ba ni Juma'a guda. Idan abin da na ajiye bai yi masa ba, ya tafi masallacin, ni zan kai shi da mota. Ya yi murmushi ya ce Allah ya shirye ni.

Gidan da nake wa tuƙi a unguwar Ulaya, uwargidan ba ta da abinci sai salak. Ni ke ɗauko mata ledojin cefane, kuma idan na shiga da su kicin nakan ga mai girkinsu tana yanka komai ƙanana-ƙanana, ta haɗa da wake da kaza, ta zuba zabadi, wato kindirmon nan nasu, maimakon bama. A da kallon abincin masu kuɗi marasa yunwa nake masa. A satin nan sai na tsaya na kalla da kyau, na ga ai wannan da ɗan gyara ɗan'uwan kwaɗon da iyayenmu ke yi ne da zogale ko rama. Kuma kwaɗo da hannu ake cinsa.

Ran Alhamis da na tashi aiki na biya kasuwar kayan lambu. Na sayi kabeji da latas da tumatir da kokwamba da karas da jar albasa da tattasai, da wani ganye mai ɗan ɗaci da Larabawa ke kira jarjir. Na jiƙa wake, na nemo ƙullin ƙuli-ƙulin da wani da ya zo aikin Umara ya kawo mana daga gida, wanda nake ta ɓoyo saboda Bazazzage.

Da safiyar Juma'a na zauna a kan 'yar kujera da wuƙa da katako. Duk abin da na saba zubawa a salak sai na tambayi kaina me zai tsaya a madadinsa. Waken gwangwani mai zaƙi ya fita, dafaffen wake ya shiga, wanda bai farfashe ba. Taliya da dankali da nake cika kwano da su na bar su, na ƙara kabeji da dafaffen ƙwai. Kwalbar bama na mayar da ita bayan firji inda ba zan gan ta ba, na kaɗa zabadi da lemon tsami da tafarnuwa da ɗan man zaitun. Gishiri ɗan taɓawa, yaji da citta su suka yi sauran aikin. Ƙuli-ƙulin na daka shi ba lukwi ba, don ya kama ganyen ya kuma yi ƙaras-ƙaras a baki. Yankan ne ya ci ni. Kome sai da na mai da shi ƙanana kamar ƙwayar wake, ina yi ina dunƙulawa a tafin hannu in ga ko zai yi loma. Albasa ta sa ni hawaye, bayana ya ƙage, na zagi kabeji ya fi a ƙirga.

Kazar tun dare na shafe ta da yaji da lemon tsami, na gasa ta a 'yar tandar lantarkinmu, ko ɗigon mai ban sa ba. Da ta huce na ɗora ta a katako zan yayyanka ta gutsi-gutsi in cakuɗa, kamar yadda na gani a Ulaya. Har na ɗora wuƙa sai hannuna ya tsaya. Idan na yanka ta, me Kawu zai raba? Na ajiye wuƙar. Na juye salak ɗin ya cika tire ya yi tozo, na ɗora kazar sukutum a kai, na tura ƙundun a ƙarƙashin fiffike.

Bazazzagen ne ya fara shigowa daga masallaci. Ya leƙa tire, ya dube ni, ya tambaya ko yau kiwo aka kawo su. Na ce masa ai shi ya sa na yanka ƙanana, na san haƙoran Zagezagi ba su da ƙwari. Ya ce shi dai ya shaida, kafin la'asar za a same shi a shagon shawarma.

Kawu ya shigo da 'yar robarsa a leda, ya nufi jikin bango. Na tare shi.

"Kawu, babu abin da likita ya hana a tiren nan. Ina wurin ya yi bayani."

Ya tsaya ya duƙa yana dubawa. Ya nuna farin da ke jiki ya ce wannan ba bama ba ce? Na ce zabadi ne. Ya tambayi kazar, na ce gashi ce. Ya tambayi waken, ya tambayi man, kamar mai binciken kaya a filin jirgi, ina ba shi amsa. Amma bai ajiye robar ba. Ɗalibin nan da ba ya magana shi ya buɗe baki a hankali.

"Baba, a zauna a raba mana. Tun da ka tashi wuya nake ci."

Dariya ta kuɓuce wa Kawu, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba. Ya ajiye robar a kan firji ya ce a ba shi ruwan wanke hannu. Ya zauna a wurinsa, ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla. Ya ɗebo ya dunƙula, lomar ta kama tsaf, ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa, ni kuwa ina kallonsa.

"Wannan ai kwaɗo ne," in ji shi. "Lemon tsamin dai ya ɗan yi yawa."

Ya yi yawan kuwa, ban musa ba, ni da ba a taɓa kushe mini girki in yi shiru ba. Ya ja kazar gabansa. Ya saɓule fatar ya tura wa Bazazzage ya ce mai ɗaukar bulo ita ba za ta yi masa komai ba. Ya ba ɗalibin cinya guda har da ƙari. Ya ɗauki tsokar ƙirji kaɗan ya ajiye a gabansa. Sai ya laluba ƙarƙashin fiffike ya zaro ƙundun, ya juya shi a hannu, ya turo gabana. Na mayar masa na ce nasa ne. Ya sake turowa.

"Ci. Yau kai ka riƙe gidan nan."

Na sunkuyar da kai na ci, na bar albasa ta ɗauki laifin idona. Tiren nan tas muka yi masa. Ɗalibin ya tsince jarjir ya tara a gefe, bai karɓe shi ba. Bazazzagen da ya yi alkawarin shawarma a nan ya miƙe ya yi barci har aka kira la'asar, da ƙyar muka tashe shi, yana cewa waken ne ya yi masa makirci.

Daga ranar tiren ya dawo. Wani satin nakan ɗan dafa shinkafa a gefe guda don masu aikin ƙarfi, Kawu ya ci ɓangarensa na ganye, amma tire ɗaya ne, kuma kaza ba ta taɓa zuwa a yanke ba. Waɗanda suka gudu suka dawo, har da masu tambayar yadda ake haɗin. Kawu ya sabunta igamarsa, ya ƙara shekaru yana shan maganinsa yana ɗinkinsa, kafin ya koma gida da ƙafarsa. Yanzu ni ke zama a wurinsa ran Juma'a, kuma har yau ban kai shi iya rabo ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, likita yana faɗin abin da mara lafiya zai ci, amma inda zai zauna ya ci, wannan aikinmu ne mu 'yan'uwansa. Idan naka ya kamu da ciwon da ya raba shi da abincin gida, kada ka bar shi da 'yar roba a jikin bango. Ka sauya abin da ke cikin tiren, ka matsa masa ya zauna, ka kuma bar masa abin da zai raba.