Ranar da Baba Guduma Bai Tashi wa Baƙo Ba

Duk unguwar an san halin Baba Guduma, kafintan rufi: ba ya karɓar baƙo a kwance. Ko zazzaɓi na kaɗa shi, sai ya miƙe ya gaisa, ya yi rakiya har bakin titi. Matarsa ta yi mita har ta gaji.

Da tsanin kamfani ya karye da shi, bayansa ya taɓu, sai ya damƙa maganar diyya a hannun wakilin ƙungiyarsu. Wakilin ba bare ba ne, Baba ne ya koya masa riƙon zarto tun bai iya tsuke wando ba. Da diyyar nan za a yi masa aiki a asibiti, in babu ita ya yi sallama da hawa rufi ke nan.

Wata safiya wakili ya zo dubiya da wani mai farar riga, ya ce abokinsa ne. Matar ta yi ta ƙifta wa mijinta ido ya zauna. Ina! Baba ya dafa bango ya miƙe, ya ce jiki da sauƙi, ya cije ya taka har ƙofar gida yana murmushi. Suna shan kwana ya zube, sai da maƙwabta suka ciccibo shi.

Ranar zaman sulhu sai ga mai farar riga a kujerar kamfani. Ashe likitansu ne. Ya ce da idonsa ya ga mutumin nan yana tafiya garau, har da rakiya. Baba ya waiwayi wakilinsa. Gogan naka ya ƙura wa fanka ido kamar yau ya fara ganinta. Aka rufe magana.

Wallahi abin da ya ci Baba ba rashin diyyar ba ne kaɗai. Wakili ya san Baba ba zai iya zama a gaban baƙo ba, don a gidansa ya ga wannan ɗabi'a, kuma ita ya ɗauka ya miƙa musu. Ba a jima ba aka ji kamfani ya ba wakilin kwangilar tagogi.

Duk da haka, don ƙarfin hali, ya sake zuwa. Ya durƙusa a bakin katifa.

"Baba, ya jiki?"

Matar ta zuba ido ta ga ko mijinta zai dafa bango. Bai motsa ba.

"Babu sauƙi," in ji shi. "Ka san hanya, ba sai an raka ka ba."