Ranar da Na'urar Haladu Ta Kama Baba Sallau

Wata rana aka wayi gari babu injin ban-ruwa a fadamar garinmu.

Injin ƙungiyar manoman rani ne, shi ke shayar da albasar mutum goma sha huɗu. Idan ta kwana uku ba ruwa, wahalar wata uku ta tashi a banza.

Kun san halinmu. Kafin hantsi ya ɗaga kowa ya zama alƙali.

Akwai wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, Haladu. Ya iya aikinsa, wannan kam ba na hana shi. Matsalarsa ɗaya ce: duk abin da ya gani a waya sai ya haɗa irinsa.

Sai ga shi da wani ɗan akwatin roba. A ciki akwai batir, da 'yar lasifikar da ya ciro daga tsohuwar rediyo, da wayar wuta guda biyu, kowace ya ɗaure ta a jikin cokalin shayi.

Wai na'urar kama maƙaryaci ce.

Ya yi mana bayani yana ɗaga kafaɗa. Wai mai ƙarya tafin hannunsa gumi yake yi ko bai so ba, gumi kuwa wuta na bi ta cikinsa. Ka riƙe cokulan nan biyu ka yi ƙarya, na'ura za ta yi kuka.

Muka hau kabbara, wai ilimi ya iso garinmu.

Har da ni. Na zaro waya na fara ɗauka, ina tunanin yawan waɗanda za su kalla.

Jatau, shugaban 'yan sintiri, ya jera mutum shida da ake zargi a gindin tsamiya. Kowa ya riƙe cokulan, ya ce bai ɗauki inji ba.

Na ɗaya ya riƙe, na'ura shiru. Na biyu, shiru. Haka har na biyar.

Saura Baba Sallau, maigadin fadama.

Tsoho ne siriri, shekara ashirin yana gadin nan, ko tumatir ɗaya ba a taɓa cewa ya tsinka ba. Ya ce daren da aka yi satar zazzaɓi ne ya kwantar da shi a bukka, bai ji motsin kowa ba.

Da layi ya zo kansa, sai ya roƙi a ba shi buta.

Aka fashe da dariya. Wani ya ce cikin tsoho ya ɗuri ruwa.

Bai kula kowa ba. Ya tsuguna a gefe ya yi alwala a natse, kamar mai shirin sallar Juma'a. Ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya yi bisimilla, ya kama cokulan.

Ko baki bai buɗe ba, na'urar ta tsala ihu.

Wani daga baya ya ce tun bai yi magana ba ta gane shi.

Shi ke nan.

Gorar Jatau ce ta fara sauka a kafaɗarsa. Ya faɗi kan gwiwoyinsa. Wani ya ƙara masa da ƙotar fartanya a haƙarƙari. Wani ya sa ƙafa ya ture shi cikin ƙasa.

Ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, gora ta biyu ta same shi a nan. Na ji ƙarar ƙashin. Har yau ina jin ta.

Goshinsa ya fashe, jini ya rufe masa ido, ya gangaro cikin gemun da bai gama bushewa ba. Mutanen da ya yi shekara ashirin yana tsare musu gona, su ne ke rige-rigen kai masa duka.

Ana dukansa ana tambayarsa inda inji yake. Shi kuwa ba ya cewa komai sai salati.

Wani ya ruga ya dawo da tsohuwar taya. Wani ya zo da galan ɗin fetur.

Ni ban doke shi ba. Amma ban sauke wayata ba, ban kuma ce a bari ba. Ina jin kunyar wannan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Haladu da ya ga fetur, sai ya fara neman hanyar gudu. Jinin tsohon ya fantsamo masa har hannu. Ya ɗauki butar nan ya wanke, ya sunkuya zai tattara kayansa ya sulale.

Ya kama cokulan zai ɗauka, ɗaya a kowane hannu.

Na'urar ta tsala ihu.

Jatau ya juyo da gora a hannu.

"Kai Haladu, wace ƙarya ka yi?"

"Wallahi ban ce komai ba, Yallaɓai. Hannuna ne a jiƙe."

Sai muka ji muryar Baba Sallau daga ƙasa, da ƙyar take fita.

"Ni ma alwala na yi, ɗana. Na ɗauka rantsuwa za ku ba ni."

A garinmu ba a rantsuwa sai da alwala, kowa ya san haka. Mutum biyar ɗin farko sun ɗauki abin wasa, suka miƙa busassun hannuwa. Shi kaɗai ne ya girmama maganar, kuma shi muka kusa ƙonawa.

Mai galan ya ajiye shi a hankali, ya bi bayan tsamiya ya ɓace. Cikin minti biyu an nemi jaruman nan an rasa. Mu huɗu muka ɗauki tsohon zuwa asibiti a bayan a-kori-kura.

Bayan mako biyu aka ga injin a kasuwar wani gari. Wanda ya kai shi can shi ne na biyu a layin nan, wani mai buga bulo. Siminti ya cinye masa tafin hannu, fatar duk ta yi kanta ta yi kauri, ko gumi ba ya ratsa ta. Na'ura ta wanke shi tas, kuma da shi aka yi dukan.

Daga baya na yi binciken da ya kamata in yi tun farko. Ashe ko manyan na'urorin da ake yayatawa, masu auna numfashi da bugun zuciya da gumi, ba ƙarya suke gani ba. Tashin hankalin jiki suke aunawa. Mai gaskiya yana iya firgita, maƙaryaci yana iya dakewa. Shi ya sa kotuna da yawa ba sa karɓar sakamakonsu. Balle akwatin roba da cokalin shayi!

Haladu ya farfasa na'urarsa da guduma. Ni na goge bidiyon. Babu ɗaya a ciki da ya gyara hannun Baba Sallau.

Ranar da na je neman gafararsa, na tarar da shi a ƙofar gida gab da la'asar. Hannun daman ya ƙage, yatsun sun naɗe ba sa buɗewa. Matarsa, Inna Tabawa, ke riƙe da buta tana zuba masa ruwa, yana alwala da hagu.

Na tsaya har ya gama. Na durƙusa a gabansa, sai kuka.

Darasi: Na'ura ba ta san zuciya ba, jiƙa kawai ta sani. Kada ka ɗaga hannu a kan mutum don wani abu ya yi ƙara kuma taro ya yi ihu. Ka kai zargi gaban hukuma, a nemi shaida. Idan kuma ka ga ana dukan wani, ka sauke waya ka buɗe baki.

Ka tura wa 'yan sintirin unguwarku, da duk wanda ka san hannunsa na riga tunaninsa.