An Shafa Fatiha, Takardar na Aljihuna

Ƙanina ya gama sakandare a Alƙahira da abu biyu a gabansa: gurbin karatu a jami'a, da kwantiragin wani kulob na ƙwallon kwando. Kulob na son atisaye safe da yamma, babu lokacin lacca. Dole ya ɗauki ɗaya.

Ni aka ba kwantiragin in karanta, don ni ne mai Larabcin littafi a cikinmu. Kwana uku na yi a kansa a ɗakina na unguwar Darrasa, da fensir da ƙamus. A shafi na bakwai na ga sharaɗin: in ya ji rauni har ya yi wata biyu bai buga ba, suna da ikon sallamarsa. Jami'a kuwa in bai yi rajista a makon ba, gurbin ya tafi. Na rubuta wannan a takarda, na ninke, na sa a aljihu.

Ranar Juma'a muka taru a gidan Kawu a unguwar Ainu Shams. Mahaifinmu na Kano, Kawu ne ubanmu a nan. A gidanmu ƙarami ba ya magana sai babba ya kai aya. Na zauna ina jira.

"Masu digiri nawa ke tuƙa adaidaita a gida?" in ji Kawu. "Wannan tsawon, Allah bai ba shi don ya goge allo ba."

Aka yi dariya. Ƙanina ya dube ni. "Yaya, ka karanta ko? Tamam, ba matsala?"

Kafin in buɗe baki Kawu ya riga ni, yana nuna ni. "Da akwai matsala ai da malam ya faɗa. Khalas, shi ke nan, a yi fatiha."

Hannuwa suka tashi, har da nawa. Abin da ke ƙona min rai ke nan har yau: na shafa tare da su. Maganar da aka shafa wa fatiha ba a tayar da ita, Kawu kuma ya fi kowa sanin haka.

A wata na biyar gwiwar yaron ta goce. Bayan wata biyu suka sallame shi. Kawu ya ce ƙaddara. Ƙaddara ce, amma tana shafi na bakwai, na ja mata layi da fensir.

Muna dawowa daga asibiti a jirgin metro ƙanina ya tambaye ni, "Yaya, wai ba ka ga sharaɗin nan ba?"

Na zaro takardar daga jakata, inda na ajiye ta tun ranar, na miƙa masa. Ya karanta sau biyu, ya ninke ta yadda take.

"Rubutunka da kyau," ya ce.

Da muka iso tasharmu ya dogara sandarsa ya sauka, bai jira ni ba.